Zanen da Tanko ya binne a bangon Madugu

Ku da kuka shigo aikin gini yanzu, akwai wata safiya a Gaya da har in mutu ba za ta fita raina ba. Lokacin muna ƙarƙashin Sarkin Magina, wanda shi ke raba aiki, shi kuma ke iya hana mutum taɓa tubali a duk faɗin ƙasar.

Madugu Bukar, babban bafataken kanwa, ya sa mu gina masa sabon zaure. Shi da abokansa attajirai sun tsiri wani wasa a fili bayan gari: a haƙa ɗan rami, a tsaya nesa, a bugi ƙwallon goruba da sanda mai lanƙwasa har ta faɗa ciki. Manyan mutane, da rawani da babbar riga, suna bin goruba a rana! Dariya muke yi a ciki, don ba mai iya yin ta a fili.

A aikinmu yaɓe biyu ne. Na farko ɗanye, na biyu mai ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, shi ke rufe komai. Saboda haka magina kan yi wasa da yatsa a kan na farko. Tanko, abokin aikina, hannunsa ba ya jin magana. Ya zana Madugu da tumbi kamar tulu, ya kai duka ya sami iska, akuya kuma ta yi gaba da gorubar. Muka sha dariya, muka shafe zanen da yaɓe na biyu.

Ashe yaɓen ƙasan bai bushe ba. Ruwan farko da ya sauka, na saman ya zube gaba ɗaya. Da safe muka iske zanen ya fito fili, rabin unguwa a tsaye suna kallo.

Madugu ya fito, ya daɗe yana kallo. Na ɗauka tumbin ne zai ɓata masa rai. Sai ya ce, "Wa ya ce ina kuskure duka?"

Sarkin Magina ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wauta ce. Yanzu za a kankare."

Tanko kuwa, maimakon ya ja bakinsa, sai ya ce, "Maigida, ni dai abin da na gani na zana."



"To, a kawo sandata," in ji Madugu. "In na bugi goruba ta tashi, ƙarya ka yi, na yafe maka. Kowa ya zama shaida."

Aka ajiye goruba a ƙofar zauren. Ban taɓa yi wa attajiri addu'a kamar ranar ba, don na san Tanko yana da mata da 'ya'ya, kuma ba shi da sana'ar da ta wuce wannan. Madugu ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga sanda, ya sauke da iyakar ƙarfinsa. Taɓo ya fantsama har gemun Sarkin Magina. Goruba tana nan inda take.

Madugu ya shige gida. Kafin azahar an karɓe wa Tanko aiki, aka ce kada a sake ganinsa kan bango a ƙasar Gaya. Ya kwashi iyalinsa ya nufi wajen Ajingi, can ya ƙare yana yi wa mutane noma.

Shi ya sa nake hana ku wasa da ɗanyen yaɓe. Na ga mai gida yana shirye ya yafe wa Tanko ƙarya. Da ta tabbata gaskiya ya zana, sai ya rasa sana'arsa.