Waƙoƙin Kakata da Na Damƙa wa Disket Ɗaya

A wancan lokaci, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ni budurwa ce mai shekara ashirin da shida, 'yar malamin firamare daga wani ƙauye a gefen Manchok. Ba ni da yawan magana. Mamata takan ce in aka aike ni ɗebo ruwa sai an aika wani ya ɗebo ni, domin zan tsaya kallon hadari yana sauka a kan duwatsu in manta da tulu. Ina karatun digiri na biyu a fannin adabi, kuma abin da na zaɓa in bincika shi ne waƙoƙin niƙa, waɗanda matan garinmu suke yi da yarenmu suna durƙushe a gaban dutse. Injin niƙa ya riga ya shigo, mata sun daina durƙuso, waƙoƙin kuma suna ta mutuwa. Wadda ta fi kowa saninsu ita ce kakata, mahaifiyar babana.

Hutu biyu na yi ina zama a gindin kujerarta da ƙaramar rikoda. Gwiwoyinta sun gaji, amma muryarta tana nan garau. Takan tsokane ni cewa sa'o'ina suna kawo wa kakanninsu miji, ni kuwa akwati mai maimaita magana na kawo mata. In ta gama tsiyarta sai ta rufe ido ta fara. Kaset tara na cika, waƙa arba'in da ɗaya.

A ɗakin karatu na jami'a na fara taɓa kwamfuta. Akwai wani faifai da ake sa mata, sai ta jero maka abin da masana na ƙasashe masu nisa suka rubuta a kan duk abin da ka nema. Ranar da na ga cewa a can ƙetaren teku ma wasu mata suna waƙa a kan dutsen niƙa, na dawo ɗaki ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Daga ranar na ba wannan na'ura zuciyata gaba ɗaya. Da na dawo gida sai na samu wani shagon buga takardu a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, na wata Madam 'yar Ibo wadda mijinta ya yi aikin reluwe har ya rasu. Ita ma ta shekara da shekaru tana buga tafireta a ofis kafin ɗanta ya aiko mata da kwamfuta. Ita ta koya mini ɗora yatsu, tana kirana Farfesa tun ban iya samun haruffa ba. Nakan kunna kaset in buga kai tsaye, waƙa da fassararta da bayanin da Kaka ta yi, ba tare da na rubuta ko layi ɗaya a littafi ba.

Madam ta yi mini gargaɗi, ba sau ɗaya ba. Ta ce a ofishinsu na da, takardar da ba ta da kwafi ba a ɗaukarta a bakin komai. Ta ce in fitar da aikin a takarda, in kuma riƙe disket biyu, wato ɗan faifan da ake ajiye aikin kwamfuta a ciki, domin cikin injinta ƙarami ne, tana share aikin mutane da zarar sun gama. Ina yi mata murmushi, a raina kuwa ina cewa tsohuwa ce, har yanzu tana zamanin tafireta. Na kwashe komai a disket ɗaya. Da 'yan kwaya, wato mawaƙan cocinmu, suka zo neman kaset don ɗaukar waƙoƙin Ista, na miƙa musu duka taran da hannuna, ina alfahari cewa ni na wuce wannan matakin. Disket ɗin kuma na yi masa abin da muke yi wa duk wani abu mai daraja a gidanmu: na naɗe shi a ɗankwali na sa a ƙasan akwati, tare da takardar baftismata, na tura ƙarƙashin gado a jikin bango.

Kaka ta rasu da farkon damina. Bayan biso na zauna a gida wata uku, domin jami'a tana yajin aiki. Duk wanda ya san daminar wajenmu ya san yadda bango yake jiƙa. Da aka buɗe makaranta, malamin da ke duba aikina ya aiko cewa in kawo babi uku. Na je shagon Madam, ta sa disket, injin ya yi ta gurnani ya ƙi buɗewa. Ta zare shi, ta ja ɗan ƙarfen da ke bakinsa ta ɗaga wajen haske, ta nuna mini fumfuna fari a ciki kamar na tsohon burodi. Ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Ta jawo kujera ta zaunar da ni, ta aika aka sayo mini kunu. Ban iya sha ba. Ba digirin ne ya fara zuwa raina ba. Na tuna cewa ni da kaina na sa aka ɗora wasu muryoyi a kan muryar kakata.

Kwana huɗu ban gaya wa kowa ba, sai da mamata ta tsare ni a madafa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ita ba ta san abin da ake kira disket ba, amma ta san surukarta ba ita kaɗai ta yi niƙa a garin nan ba. Ranar Lahadi ta tashi a gaban matan zumunta na cocinmu ta roƙe su su taimake ni da waƙoƙin da suke tunawa. Ranar Alhamis tsofaffi goma sha biyu suka zo coci, suka zauna a benci da hannuwa a cinya. Na kunna rikoda. Wannan ta fara layi biyu ta tsaya, waccan ta kama ta ɓace a hanya. Wata ta ce ita ba za ta yi waƙar zagin miji mai rowa a gaban bagade ba, wata ta amsa mata cewa ai mijin nata ma dattijon coci ne, gara Ubangiji ya ji daga bakinta. Aka yi dariya, amma waƙa ba ta zo ba. Sai mafi tsufa a cikinsu ta dube ni ta ce, da duk karatuna ban san cewa waƙar niƙa ba a baki take zama ba, a kafaɗa take.

Muka ɗunguma zuwa gidanmu. Aka tono dutsen Kaka daga bayan rumbu inda kaji suka mai da shi wurin kwana, aka wanke, mamata ta kawo dawa kwano biyu. Tsohuwar ta ɗaure zane ta durƙusa. Turawa ta uku ta huɗu, sai waƙar ta fito da kanta, sauran suka amsa ba wanda ya ba su hannu. In ɗaya ta gaji sai wata ta karɓi dutsen, tare da shi kuma wata waƙar. Alhamis shida muka yi haka, har maƙwabta suka fara kawo nasu hatsin, suna cewa tunda Farfesa ta buɗe inji kyauta. Waƙa talatin da uku suka dawo, da wasu biyar da ko Kaka ba ta ba ni ba. Madam kuwa ta bar mini kwamfutarta kowace safiya kafin mutane su taru, kuma duk shafin da na gama, ba ta barina in tashi sai firinta ta fitar da shi kwafi biyu, ɗaya nawa ɗaya na aljihun teburinta.

Na gama digirina, kuma har gobe ina aiki da kwamfuta, ina gode wa Allah da ita, domin ta buɗe mini ƙofofin da 'yar ƙauye irina ba ta taɓa mafarkinsu ba. Laifin ba nata ba ne, nawa ne, da na raina takarda da kaset da maganar babba saboda na taɓa sabon abu. 'Yan'uwana ɗalibai, duk abin da aka ba ku amana ku ajiye shi wuri fiye da ɗaya, kada kuma ku share muryar tsoho don kun buga kalmominsa. Ni Ubangiji ya ba ni iyaye mata da suka durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsu suka gyara ɓarnata, ban kuma san da bakin da zan gode musu ba. Amma waƙa takwas ba su dawo ba. A cikinsu akwai wadda Kaka ta yi wa ɗanta na fari da ya rasu a goye, wadda ta ce ba ta taɓa rera wa kowa ba sai ni. Layi biyu kawai na iya tunawa. Su na buga a shafin farko na kundina, sauran shafin na bar shi fari.