Guron Inno

A layin ƙarshe na garin Safana, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, akwai wata tsohuwa mai suna Safiyatu. In ka je kana tambayar Safiyatu sai a yi ta kallonka, don Inno kowa ya sani. Gajeruwa ce, ga faɗa, haƙoranta na gaba kuwa sun daɗe da yi mata sallama. Ba 'yar Safana ba ce. A wani ƙauye can gaba da Babban Duhu aka haife ta, a can ta yi aure, ta haihu, ta aurar. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda 'yan bindiga, ɗanta Armaya'u ya ɗauko ta a bayan babur ya kawo ta gidansa. Abin da ta fito da shi bai wuce zannuwanta da wani ɗan ƙulli na irin kubewa a cikin toka ba.

Irin nan ba na kasuwa ba ne, wurin mahaifiyarta ta gaje shi. Kubewa ce doguwa mai jan gindi, kuma Inno ta sha rantsuwa cewa ƙwaya biyu sun isa su ɗaure miyar gida guda. Ita ba ta ce mata kubewa. Mutanen gefen dajin nan, maƙwabtan Zamfara, guro suke cewa, ita ma a haka ta tashi. Burinta ɗaya ne: ta raya irin nan har ranar da za a koma gida. Takan ce, "In an ce kowa shi tahi garinsu, ni da mi zan koma?"

Ta samu ɗan fili a bayan gida ta yi lambu, sai dai ba ita kaɗai ta ga filin ba. Damina ta farko awakin maƙwabta suka yi mata kiwo, ta kewaye wurin da ƙaya. Ta biyu ƙadangaru suka riƙa datse tsiro tun yana ganye biyu, ta rufa tsohon gidan sauro. Wanda ya gagare ta shi ne kurege. Ramukansa na nan a gindin wata geza, kuma ɗan banzan ba ya jiran tsiro, ƙwayar yake tonewa ta ƙarƙashin ƙaya. Maganinsa ɗaya, mutum ya zauna a wurin har shuka ta fito. Kowace shekara ƙullin na raguwa, har abin da ya saura bai cika tafin hannu ba.

A daminar da ake magana a kai aka kawo mata jikarta Mahfuza daga Kano ta yi hutu. Yarinya ce 'yar shekara shida, mai tambayar tsiya, mai kuma cika umarni fiye da yadda aka ba ta. Inno ta raɗa mata 'yar birni. Tare suka shuka alayyafo da yakuwa, suka dasa tumatir da barkono. Mahfuza ta koyi zuba toka a gindin shuka, ta koyi kaɗa gwangwani mai tsakuwa a ciki. Ranar da ta fara ganin kurege cewa ta yi yana da kyau a kama mata shi, Inno ta ce Allah ya shirye ta. Amma ƙullin iri ko taɓa shi ba ta bari a yi ba.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi ƙasa ta jiƙu sosai, Inno ta kwance ƙullin ta jiƙa irin gaba ɗaya, don ya fara tsufa, ba lallai ya kai baɗi ba. Da sassafe ta fita ita kaɗai, yadda ta ga mahaifiyarta na yi, ta yi bisimilla ta shuka shi a layi biyu jikin katanga. Ko hannu ba ta wanke ba aka yi sallama, aka ce ƙanwarta ta rasu a Batsari. Armaya'u ya tada babur. Tana ƙoƙarin hawa, mayafi a baibai, ta waiwayo ta ƙwala kira.

"'Yar birni! Ki tsare mini guro, kar ki bari kurege shi taɓa shi. Ko nan da can kar ki tahi!"

Mahfuza ta ce, "To, Inno."

Yarinyar da aka haifa a Kano ina ta san guro? Ga bakin Inno babu haƙora. Abin da ya shiga kunnenta goro ne, ta kuwa san inda yake: a ɗaki, cikin jiƙaƙƙen tsumma, ƙarƙashin gado. Ta ɗauki sanda da gwangwaninta ta zauna a gabansa. Sadiqa, matar Armaya'u, tana can ƙofar gida tana suyar awara, ta kira ta cin abinci, yarinyar ta ce a kawo mata ciki, aiki aka sa ta. A nan ta wuni, fitsari ma a guje ta je ta dawo.

Bayan la'asar Inno ta dawo, ido jajir. Ba ta shiga ɗaki ba, bayan gida ta nufa. Layin nan biyu sun zama ƙananan ramuka a jere, kowane an tone shi tsaf, sai ɓawo nan da can. Ta durƙusa tana tona ƙasa da yatsa, ba ta samu ko ƙwaya ba. Sai ga Mahfuza da gudu, riƙe da tsumma, fuska cike da murna.

"Inno, ga goronki! Ko ɗaya bai ci ba, ƙirga ki gani."

Inno ta dubi goron, ta dubi yarinyar. Mai faɗan nan da ake jin muryarta daga bakin titi, ranar ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi tsumman ta ce, "Kin kyauta, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka." Ta shiga ɗaki ta yi kuka sosai, mutanen gida suka ɗauka duk na ƙanwarta ne. Daga baya Sadiqa ta gane abin da ya faru, ta fassara wa Mahfuza, yarinyar ita ma ta sha nata kukan.

Armaya'u ya cigita a Babban Duhu, ya cigita wurin dangin da suka watsu a Batsari, babu wanda ya fito da irin. Ya gaji ya sayo na fakiti a kasuwar Safana. Wannan karon Mahfuza ta tare a lambu da gwangwaninta, kurege bai ga fuska ba. Shuka ta yi kyau, ta yi 'ya'ya gajeru masu yawa. Kwana kaɗan kafin a mayar da ita Kano aka yi miyar farko da tuwon dawa. Yarinyar ba ta ci ba, ta zuba wa kakarta ido har ta suɗe kwano.

"Inno, guron ya yi daɗi?"

Inno ta wanke hannu ta goge a zani. Ta ce, "Ta yi daɗi, 'yar birni. Amma wagga kubewa ta, ba guro ba."