Lambar da Malam Shu'aibu Ya Kulle

Ranar Talata, 20 ga Mayu 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Shu'aibu, mai kula da ordinatar, wato kwamfuta, na ƙungiyar manomanmu ta Madarunfa, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Shekara shida muna zaune biro ɗaya, wato ofis ɗaya, Malam, kuma ba zan ɓoye maka ba: ina rubutun nan ina jin haushinka, haushin kaina kuma ya fi.

Kai ka rubuta jerin umarnin ordinatar, a harshen Bash, da ke tattara awon ruwan sama daga garuruwan Safo da Gabi da Sarkin Yamma, ya aika wa manoma saƙo a salula, ko su yi shuka ko su dakata. Ƙarshen kowane saƙo akwai lambar kira, taka. Galibinsu ba sa karatu, kira suke yi. Kana cin tuwo ka ɗauka, kana bisa moto ka tsaya ka ɗauka. Tsoho Kanta na Safo, mai bin addinin kakanninsa, yakan kira ka sau uku a kan ruwa guda, yana gardama cewa ƙafarsa ta fi ma'auninka sanin laima. Ba ka taɓa katse shi ba. Wani lokacin ma kakan ce shi ke da gaskiya.

A daminarmu ta biyu aka yi kuskure. Wani sashe na umarnin ya taka ma'ajiyar da lambarka ke ciki, ya canza ta, mutanen Sarkin Yamma suka kwana biyu suna kiran lambar da babu kowa, har laimar ta wuce. Tun daga ranar ka rubuta readonly a gaban ma'ajiyar, wato a karanta kawai, ba a taɓawa. Ka zaunar da ni ka yi mini bayani: kowane sashe kamar ɗaki ne a cikin gida, idan aka ce local, abin da aka ajiye a ɗakin ba ya fita tsakar gida. Ka ƙara da cewa sunan da aka kulle a tsakar gida, ɗaki ba ya iya aronsa. Rabin farko na riƙe. Rabi na biyu ina duba salulata, ina cewa ka cika tsawaita magana.

Kwana takwas da binne ka aka yi ruwa mai kyau. Dole saƙo ya fita da safe, dole kuma lambarka ta fita daga cikinsa. Hanya mai sauƙi ita ce in buɗe jerin umarnin in goge layin da ka sa lambarka. Hannuna ya ƙi. Sai na yi dabara: na shiga sashen aika saƙo, na rubuta local da sunan ma'ajiyar, na sa lambata. Injin ya fito da layi ɗaya na Faransanci cewa abin na karantawa ne kawai, sannan ya ci gaba da aikinsa kamar babu abin da ya faru. Ban karanta layin ba sai daga baya. Saƙo ya tafi ga manoma ɗari huɗu da lambar mamaci a ƙarshensa.

Me ya hana ka sa shi ya tsaya cak idan aka yi kuskure irin wannan? Me ya hana ka rubuta mini ko layi biyu a takarda? Komai yana cikin kanka, ka tafi da shi. Na yi ta faɗa da allon ordinatar ni kaɗai kamar mahaukaciya, alhali salularka na can gida tana ta ƙara a hannun matarka Hajara, wadda ke cikin takaba.

Da azahar na je ba ta haƙuri. Na same ta zaune bisa tabarma, idanunta sun kumbura.

"Yaya Hajara, ki gafarce ni. Yau ɗin nan zan goge lambar."

"Mutum talatin da ɗaya sun kira," in ji ta. "Kowa sai ya ce in ba shi Malam. Wani tsoho na Safo, da na gaya mishi, sai ya ce, to ɗiyata, wa za shi gaya mini in shuka?"

Ta miƙo mini salular.

"Kar ki goge komi, Nafisa. Wagga lamba suka sani. Ke dai ki riƙa ɗauka."

Na karɓi salular. Layinka na cikin umarnin yana nan yadda ka bar shi, Malam. Nawa na goge. Jiya Kanta ya kira sau uku, ya ce ban kai ka haƙuri ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka, ya sa kowane kiran da ka amsa ya zama haske a kabarinka. Allah ya ba Hajara da 'ya'yanku Saratu da Lawali haƙurin rashi, da dukan manoman da suka rasa mai amsa musu. Ni kuma ya ba ni kaɗan daga haƙurinka, don damina yanzu ta fara. Amin.