Tukunyar da Na Binne a Ƙarƙashin Gadon Inna

Ranar sha biyu ga watan azumi, a farkon shekarun saba'in, ina da shekara tara, na tsinci tukunyar. Kogi ya fara janyewa bayan cikar damina, dawarmu ta bakin gaɓa ta yi kai, ni kuma aikina kullum in an taso daga makaranta shi ne korar tsuntsaye. Baba ya kafa mini rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa ya rataya musu gwangwanaye, in na fizga sai gonar ta ɗauki ƙara, tsuntsaye su tashi duhu guda. Ran nan curin yumɓun da nake harbi da shi a majajjawa ya ƙare, sai na sauko na gangara gaɓa in ɗebo wani. A wurin da ruwa ya zaftare ƙasa na hango bakin wani abu zagayayye ya leƙo. Na sa tsinke na yi ta tono a hankali, har ta faɗo mini a cinya. 'Yar tukunya ce da ba ta wuce ƙwaryar shan ruwa ba, baƙa, wuyanta da ja-ja, an zagaye ta da ado ɗigo-ɗigo. Da na zazzage ƙasar da ke ciki sai ga waɗansu 'yan farare masu huda a tsakiya kamar maɓallan riga, da jan dutse guda ɗaya mai santsi.

Ƙauyenmu yana kudu da garin Suki, can gaba da Khartum, gidajen ƙasa ne da na kara, jere tsakanin kogi da babbar tur'a mai kai ruwa gonakin auduga. Kakanninmu daga yamma suka taso da niyyar hajji, waɗansu suka je suka dawo suka zauna nan, waɗansu kuma nan tafiyar ta tsaya musu. A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci, a wurin wasa mu gauraya su yadda suka zo baki. Yarinya a lokacin ba ta da abin da za ta ce nata ne. Da safe in ɗebo ruwa a tur'a, in share tsakar gida, in tura wa Inna kara a wuta tana yin kisra, wato wainar dawa mai faɗi marar kauri. 'Yan tsanar da nake ginawa da yumɓu ba sa kwana biyu, yayyena maza sun farfasa su. Saboda haka da na iso gida da tukunyar a cikin zanena, ban nuna wa kowa ba. Na bari Inna ta fita bayan gida, na rarrafa ƙarƙashin angarib ɗinta, gadon igiya da muke kwana a kai ni da ita, na haƙa ɗan rami a jikin bango, na saka ta, na mayar da ƙasa na daddanna. Niyyata in an yi salla in zare 'yan fararen nan a zare in sa a wuya.

Inna tana da tsohon ciki a lokacin. 'Ya'ya biyu da ta haifa bayana ba su zauna ba, kowanne bai kai suna ba, don haka gidan kowa a ɗarare yake. Ƙanwar Baba, Gwaggo Ladi, ta zo daga Wad Haddad don ta zauna da mu har a haihu. Mace ce mai zafin nama, ba ta iya ganin ƙasa ba ta share ba. Kwana huɗu bayan na binne tukunyata, ta ce ɗakin mai jego ba zai zauna da tsohon daɓe ba, ta sa aka fitar da gado aka fara fasa daɓen. Ina dawowa daga makaranta na tarar da mata cike da gidanmu, Inna zaune a gindin bango, Gwaggo tana salati tana nuna ramin da na haƙa. "Asiri ne! Binnewa aka yi, daidai kan mai ciki. Wa ke shiga ɗakin nan?" Ba wanda ya yarda ya taɓa tukunyar da hannu. Da sanda aka tura ta cikin tsumma, aka kai bayan rumbu aka kife da kwando, sai an samo malamin da zai karya abin.

Amsar tambayar Gwaggo kowa ya san ta. Ban da mu 'yan gida, mutum ɗaya ke shiga ɗakin Inna ba sallama, ita ce Halti Asabe, maƙwabciyarmu, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Kullum da la'asar sai ta shigo da kwanon kunu, ta zauna a bakin gado tana matsa wa Inna ƙafafu. Ga shi kuma a shekarar Baba da mijinta sun sami saɓani, gonakinsu na auduga suna manne da juna, sun yi cacar baki a kan wanda zai fara buɗe ruwa. Maganar ta riga ta mutu, amma ranar aka tono ta. Kafin la'asar zance ya gama gari. Al'adarmu a watan azumi, maza kan shimfiɗa tabarmi a kan hanya, kowane gida ya fito da tirensa a sha ruwa tare, har baƙon da ke wucewa a tare shi. Ran nan Baba ya ja tabarmarsa zuwa ƙofar gidanmu, mijin Halti ya ja tasa can gefe, sauran maƙwabta suka rasa inda za su zauna. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba.

Ni kuwa na yi gum. Da farko tsoron duka ne ya rufe mini baki, daga baya kuma abin ya girma ya fi ƙarfina. Na ma fara tunanin ko da gaske asirin ne, wani ya binne a gaɓa ni kuma na kwaso na kawo wa Inna. In cikin nan ya lalace, ni ce. Kwana uku na yi a haka. A rana ta uku aka ce shehun gari ya yanke cewa ranar Juma'a Halti Asabe za ta dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, mijinta kuma ya rantse ko ta dafa ko ba ta dafa ba, bayan salla zai kwashe iyalinsa su koma Sinnar. Da safen na gan ta a tur'a. Matan da ke wurin suka janye tulunansu daga kusa da nata, ba wadda ta kama mata ta ɗora. Ta durƙusa ta yi ta kokawa da tulun ita kaɗai, hawaye na zuba. Da ta gan ni sai ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Sauda, yaya jikin Innarki? Tana samun barci?" Na bar tuluna a wurin na ruga.

Gidan Kaka na nufa, mahaifiyar Baba. Tana zaune a ƙetaren tur'a wajen ƙaramin ɗanta, kuma an ɓoye mata maganar don kada a tayar mata da hankali ga tsufa ga azumi. Kaka maginiyar tukwane ce, a wurin uwarta ta koya tun suna kan hanya. Idonta ya yi rauni, amma hannunta bai manta komai ba. Na same ta tana kwaɓa yumɓu, na faɗi a gabanta na zayyana mata komai ina shessheka.  Da na gama ta wanke hannu, ta lalubo sandarta ta ce, "Tashi ki kai ni. Kukan ya isa, yanzu sai gyara."

A tsakar gidanmu ta sa aka ɗage kwandon. Gwaggo Ladi tana cewa kada ta taɓa, Kaka ta kwance tsumman ta rungumi tukunyar kamar jariri. Ta ƙwanƙwasa ta da farce ta saurara, ta shafa gindinta, ta bi adon da yatsa har ta zagayo. Baba yana tsaye, maƙwabta sun cika ƙofa. "Wagga tukunya ta girmi kowa garin nan," in ji ta. "Ta girmi uwata da kakata. Ku duba gindinta, ta sha wuta, tuwon wasu anka dafa ciki." Sai ta kama hannun Baba ta ɗora a kan wata tsaga da ke gangarowa daga baki, inda aka yi 'yan huji biyu-biyu a kowane gefe. "Ka ji nan? Ta tsage, mai ita ba ta yar ba, ta huda ta ɗaure da zare. Son ta take yi." Daga nan ta zura yatsana a ciki, wajen wuya, inda yumɓu ya lotsa. Wurin babban yatsan maginiyar ne, ya ɗan fi nawa kaɗan. Kaka ta ce, "To, faɗa musu inda kika samo ta." Na faɗa a gaban kowa.

 Inna ta ce alhamdu lillahi ta fashe da kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya. Baba da maza huɗu suka bi ni gaɓa. Ba su yi wani dogon tono ba, tsingaro ya yi ta fitowa mai irin adon nan, har da rabin dutsen niƙa da ya lotsa saboda aiki. Shekara da shekaru muna noma a wurin, fartanya na karo da su muna watsarwa gefe. Baba ya daɗe a tsugune yana jujjuya wani guntu a hannu. Da muka dawo bai shiga gida ba, ya wuce kai tsaye ƙofar maƙwabcinsa ya yi sallama. Ban ji abin da suka faɗa ba, amma da magariba ta kusa na ga su biyun suna jan tabarmi suna haɗawa a kan hanya, har shehun gari ya zo ya sha ruwa da su.

Dukan da na yi ta tsoro bai zo ba. Baba ya kira ni ya ce, "Ɗaukar tukunya ba laifi ba ne, ƙuruciya ce. Amma kin yi shiru kwana uku mace tana kuka saboda ke." Ya ce in je da ƙafata in roƙi gafara. Gwaggo Ladi ta yafa mayafi ta ce tare za mu, ita ma tana da nata. Halti Asabe tana niƙa muka shiga. Gwaggo ta durƙusa, abin da ban taɓa zaton gani ba, ni kuma na kife kaina a cinyar Halti. Ta ɗago ni, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata tana hawaye. "Ke yanzu duk wannan tashin hankali a kan abin wuya? Halas, ya wuce. Tashi ki ɗauki kunun Innarki, kwana uku ban kai mata ba." Washegarin salla Inna ta haifi namiji lafiyayye, Halti ce ta riƙe ta, ita ce kuma ta yi ta dafa ruwan wanka har aka yi arba'in. Yaron ya zauna, yanzu yana da jikoki.

Ustaz na makarantarmu ya zo ya ga tukunyar. Ya ce 'yan fararen nan daga ɓawon ƙwan jimina aka sassaƙa su, kuma akwai wani dutse yamma da Sinnar inda aka taɓa tono irin waɗannan kaya masu yawa, na mutanen da suka zauna a ƙasar tun kafin a san sunanta. Ya ce sau da yawa tare da mamaci ake binne su. Da Kaka ta ji haka sai ta ce a mayar wa mai abu abin wuyanta, Baba ya kai su gaɓa ya rufe. Tukunyar kuwa ta zauna a kabad ɗin makaranta, Ustaz yana fito da ita in ana darasin tarihi, har aka aika da ita Khartum. Na daɗe ina mamakin yadda ƙaramin abu ɗaya ya zame mini kayan ado, ya zame wa Gwaggo abin tsoro, ya zame wa Ustaz darasi. Kaka kaɗai ta dube shi ta ga mace 'yar'uwarta, zaune a bakin kogin nan tana fama da yumɓu da girki. Tun daga lokacin nake ganin ba mu ne baƙin farko a wurin ba. Waɗansu sun zo, sun yi tuwo, sun wuce.

Yanzu ba mai ginin tukwane a ƙauyen. Jarkoki da robobi sun cika gidaje, in abu ya tsage a jefar a sayo wani, ba mai zama ya ɗinke. Jikokina suna amsa mini Hausa da Larabci, kuma gaɓar da na yi tono kogi ya cinye ta tuntuni. Kaka ta rasu ba ta bar ko layi ɗaya na rubutu ba, ko hotonta ba mu da shi. Bara na je gaisuwa gidan 'yar Halti Asabe, na ce ina jin ƙishirwa, sai ta bar firij ta kai ni gindin wata tsohuwar randa a inuwa. Ta ce Kaka ce ta gina wa mahaifiyarta ita bayan sallar nan, don ta wanke mata zuciya, kuma duk ƙaurar da suka yi ba su taɓa barin ta a baya ba. Na shafa wuyanta na daɗe, sannan na ɗebo na sha. Har yau ruwanta da sanyi.