Haƙorin da Kawu Ya Goge Mini a Argungu

Gwadangaji zuwa Argungu

Na bar gidanmu na Gwadangaji, a gefen Birni, bayan sallar asuba, keke napep ya kai ni tasha. Dalilin tafiyar hoto ne da aka turo mini na wani haƙori da ya zama dutse, wanda Kawu Umaru, wan mahaifiyata, ya tsinta cikin laka lokacin da yake haƙar rijiyoyi a ƙasar Sakkwato. Siffarsa ta yi kama da ta haƙorin dangin kunamar ruwa, kifi mai faɗi kamar faifai, irin waɗanda suka rayu sa'ad da teku marar zurfi ya rufe wannan yanki. A kansa na yi niyyar gina binciken digirina na biyu. Sai dai ba a tantance jinsi da hoto. Dole a duba tsage-tsagen saiwar haƙorin, masu kama da bakin mataji.

A shingen da ke gaba da Ambursa wani ɗan sanda ya buɗe jakata, ya ga gilashin ƙara girma.

"Likita ne?"

"Haƙorin kifi zan duba."

Direba ya ce, "Yallaɓai, bar shi, karatu ne ya yi mai yawa."

Argungu

Da hantsi na isa. Sai da na shanye fura Kawu ya fito da haƙorin, naɗe cikin farin ƙyalle, yana sheƙi. Na juya shi. Saiwar ta yi sumul.

"Kawu, ina tsage-tsagen?"

"Wanga ƙaushin? Jiya na goge shi bisa dutsen wasa wuƙa, na shafa mai man gyaɗa. Ɗana zai taso tun daga Birni, in ba shi abu da dauɗa?"

Na daɗe ina kallon haƙorin ƙarƙashin gilashi. Tsage-tsagen sun shafe shekaru miliyoyi a cikin laka, yamma guda ta ƙarar da su. Kawu ya tambaye ni ko ya yi kyau. Na ce ya yi.

Komawa

A mota zuciyata ta yi ta raya mini in dogara da hoton, in rubuta sunan da nake zato. Ba wanda zai iya ƙaryata ni yanzu. Amma hoton bai nuna saiwar ba.

Na isa gida da la'asar lafiya, na gode wa Allah, na kira Kawu na yi godiya. Washegari na shaida wa malamina cewa dangin kifin kaɗai zan iya tabbatarwa, jinsinsa kuwa ban sani ba, kuma zan nemi wani batun.