Albasar da Ke Cikin Takarda

Me ya sa Malam ya soke amsar da ya san ita ake so, ya rubuta tawa? Shekaru sun shuɗe ina tambayar kaina, ban samu amsa ba. Ban iya rubutu ba. Faɗa nake ana rubutawa, don ku da kuke aikin ofis yanzu ku ji.

Abin ya fara ne wata ranar Laraba, shekara guda bayan an yanke mana jihar Kebbi. Ni ce mai shara a ofishin wata ƙungiyar manoma a Jega, mai gidana Malam kuma masinja, wato mai kai takardu. Akawunmu ya koma Sakkwato, kujerarsa ta zama babu kowa. Manaja ya ce masinjojinmu biyu, Malam da wani, za su gwada. Duk mako zai ba su lissafin ciniki su yi a gida, wanda ya fi maki bayan wata uku shi ne ƙaramin akawu. Malam ya kusa hamsin, ya san ba zai sake samun irin wannan ba.

Ni 'yar Aliero ce, cikin albasa na tashi. In ya karanta mini tambaya, sai in lissafa da ƙwayar masara, shi kuma da biro, mu gwada. Kullum daidai muke fitowa. Har aka zo makon ƙarshe, makinsa ɗaya da na abokin takararsa.

Tambayar ƙarshe ta ce: wani ya sayi buhu goma na albasa, kowane naira ɗari biyu, ya biya kuɗin mota ɗari, ya ajiye wata huɗu, ya sayar da kowane buhu ɗari uku. Nawa ce ribarsa? Malam ya ce ɗari tara. Na yi dariya, na ce wa ya taɓa zuba buhu goma a rudu, rumfar karan da muke ajiyar albasa, ya kwashe goma bayan wata huɗu? Wata albasar ta ruɓe, wata ta tsotse. In ya samu takwas ya gode Allah. Ribarsa ɗari uku ce. Ya ci gaba da rubutu.

Da sakamako ya fito, tambayar nan kaɗai ya faɗi, aka ba wancan kujerar. Na ajiye tsintsiya na shiga wurin Manaja, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa na ce laifina ne. Ya nuna mini takardar, ya ce ga ɗari tara nan Malam ya rubuta, ya ja mata layi, ya sa ɗari uku a ƙasa.

"Inna, gaskiyarki ce a kasuwa," in ji shi. "Amma albasar takarda ba ta ruɓewa. Abin da aka ba ka, shi kake lissafawa."

Ya yi alkawarin sake gwada shi baɗi. Abin da na koya ke nan: akawu ba ya ƙara abin da ba a rubuta ba, ko da ya san haka ne. Kuma Manaja bai zalunce mu ba.

Malam bai taɓa yi mini gori ba. Ya ci gaba da hawa kekensa zuwa Maiyama da takardu. Ni ce na kasa haɗa ido da shi. Kafin baɗin ta zo, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata safiya ina ɗaura zane zan tafi aiki, na ga ya ɗan ji sauƙi, sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalili. Ya yi murmushi. Ban sake iske shi da rai ba.

Abin da ya ce mini shi ne, "Tahi ki yi shararki, Hajo, kar Manaja shi riga ki. In kin dawo ni gaya miki."