Maryamu Mai Wanke Kejin Ɓeraye

Shekara goma sha ɗaya muna haya gida ɗaya a Kwamba da Maryamu, Maman Titus. 'Yar wajen Kagoro ce, Kirista. Ranar da maigidana ya rasu ita ta share tsakar gida, ta cika randuna kafin masu gaisuwa su iso.

Idan na tashi asuba nakan tarar ta riga ta fita neman bas ta Abuja. Wani ɗakin gwaje-gwaje take yi wa aiki, inda ake kiwon fararen ɓeraye. Likitocin wurin kan zuba musu wata farar hoda a abinci don su ga ko za ta jawo ciwon daji. Su da safar hannu da takunkumi. Ita kuma mai wanke keji da kwanonin, hannu tsirara, sai soso da bokiti.

Ta san ɓerayen nan kamar 'ya'yan cikinta. Ta ce mini tun kafin likita ya gani, yatsunta sun taɓo ƙullutu a gefen ɓera. Ogan ma yakan tambaye ta, "Mama, yau wanne ya kumbura?" Ta nuna, ya rubuta.

Bara tana wanka ta taɓo irinsa a hammatarta. Ta fito da zani a ƙirji ta ce, "Maman Faruk, yau ni ce na kumbura." Har dariya ta yi. Ni ban yi ba.

A asibiti likita ya ce daji ne. Ya ce ba zai rantse aikin ne ya jawo ba, amma ta kawo masa sunan hodar a rubuce, ya san abin da ya shiga jikinta. Suna kawai! Na saka hijabi na raka ta wurin aikin nata.

A bakin get aka tare mu. Mai gadin da take kai wa ƙosai ya kasa haɗa ido da ita. Muka tsaya cikin rana har azahar, sannan wata mata ta fito da fayil ta ce sun duba, babu sunan Maryamu cikin ma'aikatansu, kamfanin shara ne ya kawo ta.

Maryamu ta ce, "Madam, ni ce fa. Ni na koya miki riƙon ɓera da kika zo kina ihu."

Da muka tambayi sunan hodar, matar ta ce sirrin bincike ne, ta juya.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, amma ranar na ɗaga. Na ce, "Baiwar Allah, ɓera ma kun rubuta abin da ya ci. Ki ji tsoron Allah!" Aka ja ƙofa.

Muna jiran mota wani matashi cikin ma'aikatan, Kunle, ya biyo mu yana waige-waige. Ya ce hodar dangin wani sinadari ce da suke kira furin, iri-iri ne, shi ma bai san wanne aka yi aiki da shi a shekarunta ba. Na ba shi bayan katin asibiti ya rubuta, ya ƙi sa hannu.

Da muka kai wa likita, ya juya katin ya ce wannan kamar a ce masa "hatsi" ne, gero ko dawa? Sau uku muka koma get ɗin. A na huɗu ba ta iya hawa bas ba, ni kaɗai na je. Ta rasu da damina ba ta ji sunan ba. Titus ya ce in bar su da Allah. Na bar su da Shi, amma katin yana jakata, kuma ranar Litinin zan koma.